Ɗigon da Na Bari a Sama

Duk baƙon da ya zo gidanmu a Gadarif, can gabas da Hartum, sai Baba ya gabatar masa da mu biyu, kuma kullum da ƙanena yake farawa. Yakan ɗaga hannun da carbi yake ciki ya nuna shi, ko ya nuna wurin da ya saba zama in ba ya gari, ya ce, "Wannan sawwag ne. Tarakta yake ja a mashru, manyan gonakin nan na can Fashaga." Sai ya ba maganar lokaci ta ratsa baƙon. In baƙon mai kirki ne ya ce, "Babban fa?" sai Baba ya ce, "Shi ma yana nan, yana wajen katako." Wajen katako, kai ka ce gara ce ni.

Abin haushin, wannan Baban ne dai muka taso muna ji yana tsine wa tarakta. Ita ta share daji, ita ta mai da masu gona 'yan ƙwadago, ita ta sa mutum yana noman gonar da bai san inda ta ƙare ba. Amma tun ranar da ɗansa ya hau kanta, ta zama dabbar albarka. Ko ƙarar wata ya jiyo daga bakin unguwa sai ya gyara zama ya ce a leƙa masa. A lokacin idanunsa sun fara hazo, ba ya gane fuska sai an matso kusa, amma kunnensa ras yake.

Ni a gabansa na yi karatu. Shi ya riƙe hannuna na fara jan alƙalami a kan allo, shi ya sha murɗe min kunne a kan harafin da na karkata. Ƙanena ya zo bayana da shekara shida, zamani ya riga ya juya, aka sa shi a makarantar gwamnati, ni kuma aka kai ni warshar wani usta, wato shagon wani babban kafinta, a bayan kasuwar hatsi na koyi kafinta. Ƙofar gutiyyar Baba, ɗakinsa na ciyawa mai tsinin kai, ni na yi ta. Kujerar da yake zama a kai yana yabon tarakta, ita ma ni na yi ta, kuma ba ta taɓa yin ƙara ba. Duk abin da na kawo masa sai ya shafa ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da jan carbinsa.

Ba zan ɓoye ba, ƙyashin yaron nan nake yi. Kuma da a ce mugu ne da na sami sauƙi. Ina! Yaro ne mai fara'a, in ya dawo daga mashru da ƙura har cikin kunne, ni yake fara nema ya gaisar kafin ya yi wanka. Ba taraktarsa nake so ba, ko kyauta aka ba ni ban san abin da zan yi da ita ba. Abu ɗaya nake so, Baba ya riƙe wani abu da hannuna ya yi a gaban mutane ya ce ɗansa ne ya yi shi.

Shekarar da aka sa ranar auren ƙanena riɗi ya yi kyau, dawa ma haka. Yarinyar 'yar mutanenmu ce Hausawa na Shawak, malamar makaranta ce, kuma suna son juna. Baba ya sa aka gina masa ɗakin bulo da rufin kwano a gefen gutiyyarsa, aka ɗaure bijimi a gindin dogon yaro ana ba shi tunkuza. Ni aurena shekarar ƙarancin ruwa aka yi shi, akuya ɗaya aka yanka, har yau ina iya zana maka haƙarƙarinta. Na san ba laifin kowa ba ne, ruwa ne bai zo ba. Amma duk safiya in na wuce bijimin nan yana tuƙa, sai in ji kamar da ni yake.

Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni ya ce, "Kai me za ka yi wa ɗan'uwanka? Ko ƙofar ɗakin za ka sa masa?"

Na ce, "Ƙofa ai dole ce, Baba. Akwai wani abu kuma."

Ya ce, "To, madalla."

Babu wani abu a raina lokacin da na faɗa. A hanyar warsha na yanke shawara zan yi abin da unguwa ba ta taɓa gani ba, abin da in an ajiye shi a wurin biki za a manta da bijimin.

Usta yana da wani inji a lungun warsha da ba kowa yake bari ya taɓa ba. Da ƙafar tsohon keken ɗinki ya haɗa shi. Kana taka fedar, wani siririn zarto kamar tsinken tsintsiya yana hawa yana sauka ta tsakiyar tebur, kai kuma kana juya katakon da yatsu yana bin zane. Arkit ake ce wa aikin. Ba a yin sa da garaje. Duk gurbin da za ka cire a tsakiyar zane sai ka huda shi da barima, ka kwance silin zarton, ka zura shi ta hudar, ka ɗaure, ka yanka, ka sake kwancewa. Ka matsa kaɗan sili ya tsinke, ka sassauta ya kauce daga layi. Kuma duk abin da kake so ya zauna a jikin aikin sai ka bar masa ɗan wuya da zai riƙe shi, in ba haka ba ya faɗi ƙasa cikin dusar katako.

Firam ɗin madubi na zaɓa, na ɗakin amarya. Na samo ablakash mai kyau, falanki siriri marar kumburi. A gefe da gefe na zana zangarniyar dawa, a ƙasa kwanson riɗi da ya fara buɗe baki, a sama kuma rubutu. Na ɗauki addu'ar da ake yi wa ango da amarya, kalma biyu ta Larabci, "dama al-farah", wato farin ciki ya ɗore. Na zauna na rubuta ta a takarda da babban alƙalami, yadda Baba ya koya min.

A nan ne maganar take. Mu da muka yi allo a hannun iyayenmu, rubutun da kakanni suka taho da shi daga yamma muke yi. A wajenmu harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A makarantar gwamnati da jarida da allunan shaguna ba haka ba ne, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu gare shi. Na san wannan sarai, kullum ina karanta sunayen shaguna a kasuwa. Amma hannu abin da ya saba yake yi, na ɗiga ɗigona a ƙasa ban ma lura ba.

Usta ya zo wucewa da kofin shayinsa ya leƙa. Balarabe ne, ɗan gari, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya ce, "Da shinu, ya zol? Mene ne wannan, malam? Wannan harafin 'ba' ne ko 'fa'? Ba malamar makaranta ka ce amaryar ba? Wallahi dariya za ta yi maka. Mai da ɗigon sama."

Gaskiyarsa. Na kankare ɗigon na mayar da shi sama, na ɗaga takardar na duba. Sai na ga abin da ya faru. Da idon kasuwa, addu'ar tana nan lafiya lau. Amma da idon allo, fa ta zama ƙaf, kuma kalmar ta tashi daga farah ta koma ƙarh. Duk wanda ya yi nisa a karatu ya ci karo da ita, ma'anarta miki, rauni mai ci. Farin ciki ya ɗore ya koma miki ya ɗore, ba tare da an ƙara ko an rage komai ba.

Gyaran ba shi da wuya. Addu'o'in aure sun fi a ƙirga, akwai da yawa da babu fa a cikinsu. Ko "mabruk" kawai na rubuta ta wadatar. Na ɗauko wata takardar ma, na ɗora alƙalami a kai. Sai na sake duban ta farkon, na ji wani daɗi yana taso min daga ciki, mai sanyi, irin wanda ban taɓa ji ba. Ga magana da zan faɗa da babbar murya a tsakiyar biki ba wanda zai ji. Ƙanena bai yi allo mai nisa ba, amaryarsa ma haka, su farin ciki za su gani. In wani ya ɗaga magana, amsata a shirye take: haka ake rubutawa a ƙasar nan, usta ma shaida ne. Baba kuwa ba ya gani. Na ajiye alƙalamin, na manna takardar farko a kan ablakash.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan aikin, in na gama na usta da rana sai in zauna a kan nawa har a kira magariba. Ban taɓa aiki mai kyau irinsa ba, kuma ban sake ba. Zangarniyar dawa kaɗai huda tamanin da wani abu ta ci, kowace ƙwaya da gurbinta. Ƙafata tana taka feda, dusar katako tana taruwa a gashin hannuna, ni kuwa ina ta lissafa abubuwa a zuci. Ɗakin kwano. Bijimi. Jallabiyar da Baba ya sa aka ɗinka masa don ranar, shi da ya zo ɗaurin aurena da tsohuwar rigarsa ta Juma'a. Har ranar da ƙanena yana ƙarami ya fasa tulun ruwa aka dake ni don ban kula da shi ba, ita ma sai da na tono ta. Mutum in yana neman abin da zai hura wa zuciyarsa wuta ba ya rasawa.

Rubutun na bari ƙarshe. Ina cikin harafin dal sili ya tsinke, na sa wani ya tsinke, na ukun ma haka. Irin da ake samu a kasuwarmu a lokacin ba su da ƙwari. Ina zaune ina huci sai na ji sallama, na ɗaga kai na ga ƙanena a bakin warsha. Na yi maza na jefa buhu a kan aikin.

Ya ce, "Yaya, ashe nan kake ɓuya. Kwana nawa ba a ganinka wajen cin fatur da safe."

Na ce, "Aiki ne ya yi yawa."

Ya dubi buhun ya yi murmushi, bai tambaya ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙunshi a takarda. "Na ji kana ƙorafin silin zarto kwanaki. Na ba wani direban lori saƙo ya taho maka da su daga Hartum. Ya ce su ne masu kyau, ni dai ban san kansu ba."

Na kwance. Dozin biyu ne, baƙaƙe, haƙoransu ƙanana reras. Na daɗe ina jin labarin irinsu ban taɓa riƙewa ba. Na ce na gode, ban dube shi ba.

Ya zauna a kan bencin usta yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Wallahi Yaya ina mamakin hannunka. Ni fa zagaye kawai nake yi. In tashi daga wannan bakin gona in je wancan, in juyo, har rana ta faɗi. Ko jaki aka ɗaura wa sitiyari zai yi." Ya yi dariyarsa, ya ce in zo gida da wuri an dafa kan rago, ya tafi.

Na so a ce zuwansa ya karya min zuciya na canja rubutun. Ai har lokacin akwai dama, sai in yanke saman in yi wani. Amma haushi ne ya ƙaru. Yaron da yake da komai, har kirkin ma shi aka ba. Ya raina abin da Baba yake yabonsa a kai, ni kuwa ina nan ina neman rabin yabon ban samu ba. Na zaro sili ɗaya daga cikin nasa na ɗaura a inji. Yana shiga katako kamar wuƙa a cikin kabewa. Da shi na yanka ɗigon, na bar masa wuya siriri da ya haɗa shi da ganyen da ke samansa. Na yi shi ƙato, ya fi ƙwayar gyaɗa. Da na zo goge aikin da sanfara, a kansa na fi daɗewa, har ya yi santsi ya fi ko'ina. Na shafa jamalakka hawa uku, katakon ya yi ja yana ƙyalli, na sa madubin a gurbinsa. Usta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Yau kam ka wuce ni, ya zol."

Ranar da za a kawo amarya, bayan la'asar, maza suna zaune a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ana zagayawa da jabana, ƙanshin gahawa da citta ya cika wurin. Na shigo da madubin a naɗe cikin zane, na kwance shi a gaban jama'a. Abin da na so ya faru, ya faru. Hira ta tsaya. Mutane suka taso suna leƙe, wani yana cewa dubi dawar kamar ka tsinka, wani yana rantsuwa daga waje aka kawo shi. Mutanen Shawak suka karanta rubutun da ƙarfi, aka amsa da amin. Ƙanena ya rungume ni har hulata ta faɗi.

Sai Baba ya ce, "Me ake kallo ne? Ku miƙo min."

Wannan ne ban lissafa ba. Na tuna ba ya gani, na manta cewa da hannu yake duba aikina tun da daɗewa. Aka ɗora masa madubin a cinya. Ya ajiye carbi, abin da ba ya yi, ya fara bi da yatsu daga ƙasa. Ya taɓa kwanson riɗi ya ce, "Riɗi ne wannan." Ya hau gefe ya ce, "Dawa." Ya kai sama ya ji rubutu, fuskarsa ta saki. Ya fara bin haruffa daga dama yana motsa leɓe, yadda yake yi mana a allo. Dal. Alif. Mim. Alif. Lam. Yatsansa ya sauka ƙarƙashin harafi na gaba yana neman ɗigo, bai samu ba. Ya hau sama, ya same shi. Ya tsaya a kai.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na ga yatsan yana zagaya ɗigon, yana jin girmansa da santsinsa. Wanda ya koya wa yara rubutu shekara arba'in ya san ɗigon da aka ɗiga da gaggawa, ya san wanda aka zauna aka yi wa ado. Amsar da na tanada tana nan a kan harshena, amma na san ba za ta yi aiki a nan ba.

A gefensa akwai amininsa, wani tsohon alaramma da suka yi karatu tare, shi kuwa idonsa garau. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo mu gani, Malam, kai ka riƙe abu kamar naka."

Baba bai ba shi ba. Ya ɗaga madubin da kansa ya juya shi wajen mutane, babban yatsansa a kan ɗigon ya rufe shi ruf. Alaramma ya matso ya duba, ya ga harafi ba ɗigo, ya karanta abin da ya dace da ranar biki. Ya ce, "Dama al-farah. Amin, amin. Kai, wannan hannu! Wa ya yi?"

Baba ya ce, "Ɗana ne ya yi. Babban. Najjar ne, kafintan da ba irinsa a Gadarif." Ya juya madubin hagu, ya juya shi dama don kowa ya gani, yatsan nan bai ɗaga ba. "Ni na koya masa rubutu, ku dubi yadda ya zaunar da mim."

Shekara nawa ina jiran wannan magana. Ta zo a gaban mutanen unguwa da baƙin Shawak, yadda na sha tsara ta a raina, kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutane suna ta sa min albarka, ni kuwa idona yana kan yatsan tsohon.

Da aka koma shan jabana ya ce in matso in karɓa. Na durƙusa a gabansa. Ya lalubo zanen ya rufe madubin da kansa, sannan ya kama wuyan hannuna ya jawo ni har na ji numfashinsa a kunnena.

Ya ce, "Kai shi ɗakin amarya ka kafa da hannunka. Tsofaffi ba sa shiga can. Su farah za su gani, kuma shi Allah zai ba su."

Na ce, "Baba, haka ake rubuta..."

Ya matse hannuna.

Ya ce, "Na karanta. Ni aka rubuta wa, ai ni kaɗai na iya karatun a gidan nan in ba kai ba." Sannan ya ce, "Tun yaushe mikin yake cinka?"

Na sunkuyar da kai. Ya sake ni, ya shafa tabarma yana neman carbinsa. Yana kusa da ƙafata, na ɗauka na sa masa a hannu.

Na ɗauki madubin na shiga gida ta cikin mata masu guɗa. Ƙanena ya biyo ni da guduma da ƙusa, yana tambayata wane bango ya fi. Na nuna masa wanda ke fuskantar taga. Ya riƙe min kujera na hau, yana cewa in yi a hankali kada in faɗi. Sau uku ina dukan ƙusar ina kuskurewa, don ƙwalla ta hana ni ganinta sosai.